Dakan La'asar a Gidan Maiturare

Hibatullahi tana tsugune a tsakar gidansu da ke unguwar Harra ta Yamma a Madina tana tsintar shinkafa, amma kunnuwanta suna falo, inda mahaifinta Alhaji Isah yake ganawa da wakilan Muhammad Awwal, mai neman aurenta. Kakarta Hajiya Tasallah tana kan darduma da carbi, tana kallonta ta wutsiyar ido.

"Ke Hiba, tsinta kike yi ko ƙirga ta aka sa ki?"

"Ya Sitti, halas, na kusa—"

Dum! Dum! Sai ɗan shiru, kamar an cilla taɓarya sama an tafa. Dum!

Tiren ya suɓuce daga hannun Hiba. Daga ɗakin ajiya ƙarar take fitowa, ɗakin da ke garƙame da kwaɗo. Babu turmi a cikinsa, babu kowa, sai wata tsohuwar taɓarya da ke jingine a bango, ta yi baƙi ƙirin don tsufa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hajiya Tasallah. "Innata ta ƙi. Ta ƙi shi, Hiba."

Dakan nan yana da asali. Malam Ya'u, mahaifin Hajiya Tasallah, da ƙafa ya taso daga ƙasar Gumel ya nufi gabas, shi da matarsa Zinariya da 'yarsu Ikilima. Su yi noma a nan, su yi ƙodago a can, su ƙara gaba. A Abashe ta ƙasar Chadi agana ta kama yarinyar, ayari kuma ya ce ba zai jira ba. Suka bar ta a hannun wata Bahaushiya. Zinariya ta ajiye wa yarinyar turminta ta ce, "Zauna kusa da shi. Ranar da kika ji daka, ni ce na dawo." Ta saɓa taɓaryar ta bi mijinta tana waiwaye.

Sun iso Madina, a nan aka haifi Tasallah. Ya'u ya kama sayar da turare a bakin Harami har ya zama sunansa, ya fasa baƙaƙen duwatsun Harra da hannunsa ya gina gidan nan. Da ya aika Abashe, aka ce matar ta tashi da yarinyar, ba wanda ya san inda suka dosa. Tun daga nan, kullum la'asar Zinariya sai ta ɗauki taɓarya ta yi ta dukan ƙasa tsura, wai ko 'yarta za ta jiyo. Ta rasu, dakan bai rasu ba. Shi kuwa Ya'u wasiyya ɗaya ya bari: kada a ba da 'yarsa ko jikarsa ga wanda zai koma da ita yamma. An yi ruƙiyya, an yi sauka, dakan yakan ɓace shekara da shekaru. Amma tun ranar da Awwal ya fara taka ƙofar gidan, bai tsallake la'asar ko ɗaya ba.

Bayan baƙi sun tafi, Alhaji Isah ya shigo fuska a murtuke.

"Abba, don Allah..." Hiba ta durƙusa, hawaye sun wanke mata fuska.

"Yaron kirki ne, ban ce ba. Amma iƙama gare shi, takardar zama kawai, Hiba. Ranar da ta ƙare, ina zai kai ki? Najeriya! Kakana ya zubar da 'ya a hanya kafin ya kawo mu garin Manzo, ni kuma in ɗauki tawa in mayar? Kin dai ji da kunnenki."

"Lesh, Abba? Don me? Wa ya ce ƙi take nufi?"

"Halas! Na gama magana."

Awwal mai harhaɗa magunguna ne a wani famasi da ke unguwar Sultana. Can Hiba ta fara ganinsa, ta je sayen maganin hawan jinin kakarta. Daga ranar kuma maganin nan ya koyi ƙarewa da wuri, har Hajiya ta fara tambaya ko da wani suke sha. Da ya bugo wayar gidan ya ji hukunci daga bakin Hiba, sai ya ce:

"Ki gaya min dalili, Hiba."

"Sirrin gidanmu ne. Ina sonka, Awwal, wallahi ina sonka, amma ba zan tsallake maganar Abba ba."

"Ni ma ba zan sa ki ba. Mu kai wa Allah kuka."

Watanni suka shuɗe. Hiba ta rame, ta daina dariya. Kullum la'asar dakan yana tashi, ita kuma ta toshe kunnuwa a kan sallaya tana addu'a. Rannan labari ya zo cewa kwantiragin Awwal ya ƙare, ya ma yanki tikiti. Ya nemi izini ya zo ya yi wa Hajiya sallama, Alhaji Isah ya ce ya zo, ai tafiya zai yi.

Ya iso bayan sallar la'asar da ledar magani. Yana durƙushe a gaban tsohuwar, Hiba na laɓe bayan labule, sai ɗakin ajiya ya amsa.

Dum! Dum! ... Dum!

Yau har kwaɗon ƙofar girgiza yake yi. Alhaji Isah ya miƙe zumbur yana a'uziyya. Amma Awwal bai razana ba. Ya karkata kai yana saurare, sannan ya fara buga gwiwarsa da tafin hannu, bugu biyu, tafi, bugu ɗaya, daidai da na cikin ɗakin.

"Yaro," in ji Hajiya, "a ina ka san wannan?"

"Hajiya, dakan kakata ne. Tana da wani tsohon turmi a Haɗeja, ba ta yarda a yi daka a ciki. Kullum la'asar sai ta zauna ta riƙa buga gefensa haka. Mukan tsokane ta, sai ta ce innarta take jira. Wai tana ƙarama iyayenta suka tafi gabas suka bar ta da ciwo."

"Fuskarta... da zanzana?"

"Duk ta cika."

"Sunanta?"

"Ikilima."

Carbin ya faɗi. Hajiya Tasallah ta rarrafo ta kama fuskar Awwal da hannu biyu, ta fashe da kuka. "Yayata! Tana da rai? Isah, kana ji? Inna ba korarsa take ba! Jininta ta gani ya shigo gida, mu kuma muka tura shi waje!"

Alhaji Isah ya sulale ya zauna a ƙasa. Hiba kuwa ta cusa labule a baki, kuka da murna sun haɗe mata.

Awwal ya tafi, ya dawo da azumi a bizar Umra, yana riƙe da hannun wata 'yar tsohuwa, an naɗo turmi a cikin bargo. Alhaji Isah da kansa ya buɗe kwaɗon. Da la'asar ta yi, Ikilima ta tallafo taɓaryar, ƙanwarta ta kama mata, suka saka ta a cikin turmin. Ta zauna daram.

"Inna," in ji Ikilima a hankali, "na ji. Ga ni na zo."

Suka saurara har aka kira magariba. Gidan tsit, kuma ba a sake jin dakan ba har yau.

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Alhaji Isah ya ce ko Haɗeja Awwal zai kai ta ya kai ta, ai gida ne. Furar bikin ma a turmin nan Hiba ta daka, tsofaffin biyu suna yi mata dariya wai ba ta iya riƙon taɓarya ba.

Da Hiba ta bijire wa mahaifinta, ko Awwal ya yi zuciya ya tafi ba sallama, da Ikilima ta koma ga Allah tana buga gefen turmi. Biyayya da haƙurinsu Allah ya duba. Iyaye kuma su riƙa bincike kafin su yanke hukunci da tsoro, don wanda suke kora daga ƙofa yana iya zama shi ne wanda gidan ya daɗe yana jira.