Ƙamshin Ƙuli-ƙuli a Salansa

Ranar Litinin da hantsi aka kai rahoto caji ofis cewa an sace sabuwar mota a-kori-kura a wata masana'antar man gyaɗa da ke Sharaɗa. Kafin azahar an kama direban motar, Ɗayyabu, an sa shi bayan kanta. Aka miƙa binciken ga Sufeto Musbahu, tare da umarni daga sama: in ba a sami wani sabon abu ba, washegari a kai direban kotu.

Masana'antar ba babba ba ce. Doguwar katanga ce mai waya a sama, da ƙofar ƙarfe guda ɗaya. A ciki akwai zauren injinan matse gyaɗa, ɗakin janareta, sai wani tsohon sito can ƙurya. Mai wurin, Hajiya Lubna, ta gaje shi ne daga mijinta.

A ofishinta ta ba Sufeto labarin motar. Ta saye ta a wani kamfanin dillancin motoci da ke Bompai, don kai wa 'yan kasuwa mai. Ko ledar kujeru ba a cire ba injin ya fara ƙwanƙwasa, kamar ana daka a turmin ƙarfe. Da aka mayar musu, suka ce haka sabon inji yake yi. Da aka sake komawa, suka ce laifin direba ne. A ƙarshe suka yarda za su turo ma'aikatansu yau Litinin su duba. In aibin daga wajensu ne, za su canza injin a kan garanti. In ba haka ba, babu ruwansu.

"Ba ta aiki, ba ta sayuwa, kuma sun ƙi karɓar abarsu," in ji Hajiya. "Yau kuma babu ita gaba ɗaya."

"Wa kuke zargi, Hajiya?"

"Mutanen Bompai. In babu mota, ai babu garanti. Amma Malam Isyaku ya ce mukulli yana hannun Ɗayyabu, yaranku kuma suka tafi da shi."

Malam Isyaku shi ne bakaniken masana'antar. Dattijo ne mai furfura, tun zamanin marigayi Alhaji, mijin Hajiya, yake kula da injina. Sufeto ya same shi a bakin ɗakin janareta yana goge hannu da tsumma. Dattijon ya ce ranar Lahadi ba a aiki, a gidansa da ke Zawaciki ya wuni. Ya ce da idonsa ya ga Ɗayyabu ya sa mukulli a aljihu ranar Asabar da yamma. Duk maganar nan bai ɗago kai ba.

Mai gadi, Ado, ya rantse cewa bai bar bakin ƙofa ba, kuma ƙofar ba ta buɗe ba. Sai dai ko gyangyaɗi ya ɗan ɗauke shi.

"Motar da ake jin ƙararta tun daga titi ta wuce ta gabanka kana gyangyaɗi?"

"Ranka ya daɗe, barcina nauyi gare shi."

"Lallai Hajiya ta dace da mai gadi."

Daura da ƙofar, a tsallaken titi, akwai rumfar mai faci. Shi ba ya hutun Lahadi. Da Sufeto ya tambaye shi ko ya ga fitar motar, sai ya yi dariya. Ya ce duk layin nan sun san ta, har suna ce mata Sakaina. In ta tashi, ko mai sallah sai ya san ta tashi. Jiya bai ji ta ba, bai kuma gan ta ba.

"To me ka ji?"

"Janaretansu kawai, bayan azahar. Shi ne ma ya ba ni mamaki. Ga wuta an kawo tun safe, ga shi ba ranar aiki ba."

Daga nan Sufeto ya wuce Bompai. Shugaban garejin kamfanin, Sagir, saurayi ne mai saurin magana. Da ya ji ana zarginsu da sata, sai ya tura kujerarsa baya. Ya ce shi ma a tsakiya yake: Hajiya tana kiransa safe da yamma, su kuma manyansa sun ce kada ya kuskura ya amince da canjin inji sai ya kawo hujja. Ya fara cewa bai san musabbabin ƙarar ba. Da Sufeto ya tambaye shi me ya sa, bayan dogon ja-in-ja, kwatsam suka yarda su je dubawa, sai ya fito da dalilin.

Ya ce zuwan da aka yi na ƙarshe, ya tsuguna a bayan motar tana kunne. Hayaƙin salansa ba warin dizal yake yi ba. Ƙamshin ƙuli-ƙuli yake yi.

"Motar masana'antar gyaɗa ce," in ji Sufeto. "Me kake so ta yi, ƙamshin turare?"

"Bodi daban, salansa daban, Yallaɓai. Abin da ya fito ta salansa, ta cikin inji ya biyo."

Sagir ya ce shirinsu shi ne su ɗebi man da ke tanki su kai gwaji. In aka sami wani abu ba dizal ba, garanti ya faɗi. Hajiya ba ta sani ba. Mutum ɗaya ya gaya wa, shi ma a cikin raha: dattijon da ya rako direban ran nan.

A caji ofis, an fito da Ɗayyabu daga bayan kanta babu takalmi. Mutumin wani ƙauye ne a yankin Gumel, kuma ba shi da kowa a Kano da zai tsaya masa beli. Ya maimaita abin da ya faɗa da safe, cewa mukulli a wajensa ya kwana, da gari ya waye ya neme shi ya rasa.

Sufeto ya gaya masa yadda abin yake ba tare da ɗaga murya ba. Gobe kotu. Daga kotu gidan yari, a jira shari'a. Shari'ar satar mota kuma ba a san ranar gama ta ba.

"Wa ya samo maka aikin nan?"

"Baba Isyaku. Garinmu ɗaya. A shagon gidansa nake kwana."

"A ina kake shan mai?"

"Gidan mai."

"Kullum?"

Ɗayyabu ya dubi ƙafafunsa. Ya ce sau ɗaya ne ba a gidan mai ba. Lokacin da dizal ya yi wuya, ya wuni a layi bai samu ba, ga jarkoki an loda, ga masu kaya a Chalawa suna jira. Baba Isyaku ya ce ya matso da motar bakin ɗakin janareta, ya cika masa tanki daga duron da ke ciki. A makon ƙarar ta fara.

"Mukullin fa?"

"Hajiya ta hana a bar shi a masana'anta."

"Ba abin da Hajiya ta hana na tambaye ka ba."

"Baba ya ce in rataye masa a ƙusa, zai duba wani abu ranar Lahadi. Yallaɓai, in na faɗi wannan, ina zan kwana? Wa zai kalle ni a garinmu?"

"In ba ka faɗa ba, ai na gaya maka inda za ka kwana."

Bayan la'asar Sufeto ya koma Sharaɗa da kofur ɗaya. Ya fara da Ado. Da ya ji an ambaci janareta, mai gadin ya sauke rantsuwarsa. Ya ce suna aka yi a gidan ƙaninsa a Kumbotso, Malam Isyaku ya ce ya je, shi zai riƙe masa ƙofa. Da ya dawo bai leƙa ciki ba. Kwaɗon ƙofa yana nan yadda ya bar shi.

Sufeto ya nemi Hajiya ta biyo shi ɗakin janareta. Tsohon inji ne baƙi, mai ƙaton wili, wanda sai an murɗa shi da hannu yake tashi. A gefensa akwai duro. Sufeto ya tsoma yatsa ya shinshina.

Hajiya ta ce wannan ba asiri ba ne. Tun zamanin Alhaji, man gyaɗan da ya kwanta a ƙasan tanki, wanda ba ya sayuwa, Malam Isyaku yake tacewa ya gauraya da dizal ya ba janareta. Da shi masana'antar ta rayu duk lokacin da makwabta suka rufe.

"Shi aka zuba wa motarku," in ji Sufeto.

Hajiya ta juya ta dubi Malam Isyaku da ke tsaye a bakin ƙofa. Dattijon ya ce ƙarya ce, yaron ne yake neman mafita.

Sufeto bai yi musu da shi ba. Ya tambayi Hajiya ko ana ajiye fetur a masana'antar. Ta ce haramun ne, ko babur a waje ake barinsa saboda gobara. Ya ce to tun zuwansa na farko yake jin warin fetur a ƙuryar nan, bai dai san ma'anarsa ba sai yanzu. Ya nuna tsohon sito, ya ce a buɗe.

Malam Isyaku ya ce mukullin siton ya ɓata tun bara. Kofur ya nemo guduma.

A ciki buhunan tunkuza ne jere har kusa da rufi. Sufeto ya sa leburori su janye layin gaba. Bayansa farar a-kori-kura ce a kan jak, ledar kujerunta na nan. An sauke tankinta a ƙasa, kusa da bokitin fetur da aka wanke shi da shi. Mukullin yana jikin motar.

Malam Isyaku ya zauna a kan buhu.

Ya ce bai taɓa nufin sata ba. Ran nan taimako ya yi, don kada kaya su kwana. A saninsa injin dizal injin dizal ne, abin da janareta ya sha shekara da shekaru bai yi tari ba, bai ga dalilin da zai hana mota sha ba. Da ƙarar ta fara ya gane, amma ya kasa faɗa. Da Sagir ya ambaci gwaji, ya ga in suka zo, Hajiya ta rasa injin, kuma ta hannunsa. Sai ya sallami Ado, ya tada janareta don ya rufe ƙarar motar, ya shigar da ita sito. Niyyarsa ya wanke tanki, ya zuba dizal mai kyau, ya mayar da ita wurinta kafin Litinin.

"Me ya hana?"

"Duk roba ce da waya, Yallaɓai. Ina cire bututu ya karye a hannuna. Na kunna, ta ƙi. Ban taɓa ganin injin da na kasa ba sai wannan."

Ya ce ya jera buhunan ne don ya sami kwana ɗaya ya nemo bututun. Da safe Hajiya ta riga shi isowa, ta ga babu mota, ta kira 'yan sanda. Aka tambaye shi mukulli, bakinsa ya ce Ɗayyabu.

"Yaron da yake ce maka Baba," in ji Sufeto. "Da gobe war haka yana gidan yari."

"Na sani. Tun safe nake cewa bari in faɗa."

Hajiya ta ja Sufeto gefe. Ta ce ta janye ƙara, mota ai ta fito. Sannan ta rage murya ta tambaya ko dole ne maganar duron nan ta kai Bompai. Sufeto ya ce satar mota tata ce, tana iya janyewa. Ƙaryar da ta sa aka tsare mutum ba tata ba ce. Maganar Bompai kuwa, ya ce ba shi zai kai ba, amma Sagir ya riga ya shinshina, kuma ga tanki a ƙasa.

Ta juya ta dubi motar.

Sufeto ya buga waya caji ofis ya ce a saki Ɗayyabu, a ba shi takalmansa. Kofur ya tsaya a gefen Malam Isyaku. Ba a sa masa ankwa ba.

Sun kai tsakiyar fili aka ɗauke wuta. Injinan matse gyaɗa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, da gyaɗa a cikinsu. Ma'aikata suka fito bakin zaure, duk suka juya wajen ɗakin janareta. Babu wanda ya iya tada shi a cikinsu.

"Yallaɓai," in ji Malam Isyaku, "in gyaɗar ta huce a ciki, sai an kwance injinan."

Sufeto ya dubi kofur, ya ɗaga masa kai. Suka raka dattijon har ƙofar ɗakin. Ya naɗe hannun riga, ya kama wilin, ya murɗa. Injin ya yi tari, ya kama. Ya kira wani daga cikin ma'aikatan ya nuna masa inda ake kashewa, ya ce tadawa kuma sai Allah.

Sannan ya goge hannunsa, ya ajiye tsumman a kan duro, ya bi su. Har suka shiga motar 'yan sanda a bakin ƙofa, hayaƙin janareta na bin su da ƙamshin ƙuli-ƙuli.