Garin da Auta Ta Gina

Laftof ɗin Umma ta daina kunnuwa. Hankalin Umma ya tashi sosai, domin a ciki ta adana muryar marigayiya Kaka da duk hotunanta.

Mai gyara ya buɗe ta, ya ce babban allon ciki ne ya ƙone. Ya cire shi ya ba Umma a leda, ya ce zai nemo sabo.

Auta kuwa hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Tana buɗe durowar Umma ta ga allon. Kore ne, da layuka kamar tituna. Dama Malama ta ba su aikin hannu a makaranta. Ba ta tambayi kowa ba, ta sa bakin almakashi ta ɓamɓare ƙananan baƙaƙen abubuwan da ke jikinsa, ta manna allon a kan kwali, su kuma ta manna su a matsayin motoci. Gari guda ta gina. Malama ta yaba, har ta ɗora shi kan kantar aji.

Ranar da sabon allo ya iso, Auta ta raka Umma shago. Laftof ta kunnu, amma ta ƙi buɗe komai. Wata doguwar lambar sirri take nema, Umma kuma ba ta da ita.

"Kada ki damu," in ji mai gyara. "Akwai ɗan ƙaramin cip na tsaro a tsohon allon, shi ke riƙe da mabuɗin. Ki kawo allon yadda na ba ki. In cip ɗin ya ɓace, shi ke nan, komai ya tafi."

Auta ta matso kusa da Umma.

"Umma," ta ce a hankali, "allon yana ajinmu. Na yi gari da shi."

"Kika yi me?"

Umma ta kasa rufe baki. Mai gyara ya dafe kai da Auta ta ce da almakashi ta ɓamɓare kayan jikin allon.

A guje suka tafi makaranta. Ita ma Malama sai da ta riƙe haɓa, sannan ta sauko da garin.

Da suka koma shago, mai gyara ya sa madubin ƙara girma, yana bin motocin ɗaya bayan ɗaya. Auta na gefe tana hawaye. Can a bakin kwali ya sami cip ɗin, gam ya lulluɓe shi.

Ya sha wahala kafin ya mayar da komai mazauninsa, ya gyara wurin da ya ƙone. Da ƙyar tsohon allon ya tashi na ɗan lokaci. Nan da nan ya kwashe komai.

Da muryar Kaka ta fito tana dariya, Umma ta fashe da kuka, ta jawo Auta jikinta.

"Ki yafe mini, Umma."

"Na yafe, tunda kin faɗi gaskiya a kan lokaci. Amma abin da ba naki ba, ko ya yi kama da shara, ki tambaya kafin ki taɓa."

Daga ranar, ko murfin biro Auta ta gani, sai ta tambayi mai shi.