Sifilin Malam Illo

Amadou sanser ɓarawo ne, kuma ruwa ya sata, a shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki. Satar tasa ta kusa raba mutum biyu da Allah ya haɗa.

Ranar da Malam Illo ya fara koyar da shimi, wato kimiyyar sinadarai, a wani lise, babbar sakandare ta Agadez, a tsaye ya karanta wa ɗalibai dokokinsa. Ba a shiga labo, ɗakin gwaji, bayan malami. Ba a sa komai a baki, ko da ruwa ne. Wanda ya yi gwaji da kwalba mai dauɗa, sifili bisa ashirin. Wanda bai yarda da sakamakonsa ba, a sake gwajin a gaban kowa.

"Ko sojoji ba su kafa mana doka haka ba," in ji wata murya daga taga.

Ya waiga. Budurwa ce cikin farar rigar asibiti, ta rako ƙanwarta Fulera. Sunanta Kadidia, 'yar Alhaji Bahago mai fataucin albasa a unguwar Dagmanet. Illo ya tsaya da alli a hannu, ya manta inda ya kwana a maganarsa, har ɗalibai suka fashe da dariya.

Bai yi sakarcin samarin yanzu ba. Kawunsa ya aika, Alhaji ya ba da izinin zance. Daga nan salula ta shiga aiki.

"Azurfata, yau na rubuta sunan gishiri a allo, saura kaɗan in rubuta naki."

"Malam Doka, ka kula da aikinka. Amma ka ci abinci, na ga wuyanka ya yi tsawo."

Amadou sanser, wato mataimakin shugaban lise ɗin, mai riƙe da makullin kowane ɗaki, shi ma yana sonta. Ta gaya masa a'a, bai ji ba, sai ya koma bin uban. A lokacin tataccen ruwa, wanda direbobi ke kira ruwan batir, ya yi wuya a gari. Amadou ya kai wa Alhaji bido guda, wato jarka cike da shi, na gaisuwa saboda manyan motocinsa. Daga labo ya ɗauke shi, ya ajiye wani cike da ruwan rijiya a gurbinsa.

Sai ranar jarrabawar gwaji ta zo. Ɗalibi zai wanke kwalba, ya zuba tataccen ruwa, ya ɗiga sinadarin azurfa. In ruwan ya tsaya garau, kwalbar na da tsabta, sai ya ci gaba. In ya yi fari, akwai gishiri a ciki. Layin farko sun yi da ragowar ruwan da ke kan teburi, suka wuce lafiya. Layin Fulera ne suka ɗiba daga bidon. Kwalbarta ta yi fari kamar nono.

"Malam, wallahi na wanke!"

"Sifili," in ji Illo, bai ko ɗaga kai ba, don kada a ce ya yi sassauci ga ƙanwar budurwarsa.

Fulera ta taɓa maimaita aji. Wannan sifilin ya jawo matsakaicin makinta ƙasa da goma bisa ashirin, kuma ƙarshen hakan kora ne.

Amadou ya riga kowa isa zauren Alhaji. Washegari aka kira Illo.

"Ɗan nan, kana neman babbar, kana korar ƙaramar?"

"Baba, doka ce. Na karanta ta a gaban kowa."

"Sanser ya ce shi zai iya gyarawa da biro ɗaya. Kai ba ka iya ba?"

"Na iya, Baba. Ba zan yi ba."

"To, ka riƙe dokarka, in riƙe 'yata. Kada in sake ganin babur ɗinka a ƙofar gidana."

A lise kuma Amadou ya tare shi yana murmushi. "Mon cher, ina da aboki kaftin. Takarda ɗaya, ka tsinci kanka a Séguédine, can ƙuryar hamada, kana koya wa dabino shimi."

Illo ya rame. Ya aika saƙo: "Kadi, ki yafe mini. In na ƙara mata, na cuci sauran da suka sami sifili tare da ita."

Amsa ba ta zo da wuri ba, kuma da ta zo babu sunan wasa a cikinta.

"Ban roƙe ka ƙari ba. Na san wankin Fulera, ni na koya mata. Kai ka ce wanda bai yarda ba a sake a gaban kowa. Ko dokar nan ado ce?"

Ya karanta ya ji kunya, don bai taɓa kawo wa ransa cewa yarinyar na iya zama mai gaskiya ba.

Aka sa rana. Shugaban lise ya zo, Amadou ya zo, Alhaji ya zauna fuska a murtuke, Kadidia na tsaye bayansa. Fulera ta wanke kwalba, ta zuba ruwa, ta ɗiga sinadari. Fari.

"Voilà," in ji Amadou. "Mu tashi."

"A dakata," in ji Illo.

Ya ɗauko sabuwar kwalba, ya wanke ta da kansa, ya zuba, ya ɗiga. Ta yi fari fat. Ya ɗauki alli, ya rubuta sunansa a allo, ya sa sifili a gabansa.

Kadidia ta taho, ta tsiyaya ruwan bidon a tafin hannunta, ta kai baki.

"Ba a sa komai a baki!" Illo ya faɗa da ƙarfi.

"Ni ba ɗalibarka ba ce." Ta tofar. "Zartsi ne. Ruwan rijiya ne, irin wanda muke sha tun da rijiyoyi suka ja baya."

Ta ciro ƙaramar kwalbar tataccen ruwan haɗa allura daga aljihunta ta miƙa wa Fulera. Aka sake. Ruwa ya tsaya garau.

"To ina tataccen ruwan makaranta?" shugaban ya tambaya. "Makulli biyu ne kawai, na Malam Illo da na sanser."

Alhaji Bahago ya miƙe a hankali. Ya daɗe yana duban bidon.

"Amadou, shuɗin bidon da ka kawo mini na gaisuwa, mai irin wannan tambarin, daga ina ya fito?"

Amadou ya kawar da kai.

"Ashe da ruwan jarrabawar 'yata motocina ke zuwa Iférouane." Alhaji ya juya ga Illo. "Kai kuma taurin kanka ya yi yawa. Amma mutumin da ya ba kansa sifili a gaban yara ba zai yi wa 'yata ƙarya ba. Turo kawunka."

Illo ya nemi gafarar ɗaliban layin nan ɗaya bayan ɗaya, aka sake musu gwaji. Fulera ta sami sha shida, ta ce ya rage mata huɗu don mugunta.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a Dagmanet. Ba a yi almubazzaranci ba, don shekarar ba ta wasa ba ce. Da safen ranar saƙon Kadidia ya shigo: "Malam Doka, a gidana ana sa komai a baki. Ka zo da yunwarka." Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya kuma ba ƙasa ruwa.

Amadou kuwa, kaftin ɗinsa bai ɗaga masa waya ba. An karɓe makullan, an sauke shi daga sanser, an tura shi Séguédine.