Daƙiƙa Uku a Labaran Ƙarfe Bakwai

Ranar da ya fara aiki a gidan talabijin ɗin, ba fuskarta ya fara gani ba, ƙafarta ya hango a ƙarƙashin teburin labarai. Daga ƙugu zuwa sama kwalliya ta kece raini, ƙasa kuwa silifas ɗin wanka. Dariya ta kuɓuce masa.

"Malam, kai ne sabon mai murza rubutu? To ka murza, ba kallon ƙafa aka ɗauke ka ba."

Aikinsa ke nan. Yana zaune bayan kyamara yana murza ɗan maɓalli, rubutun labarai na hawa a gilashin da take kallo. In ya yi sauri ta yi tuntuɓe, in ya yi nawa ta tsaya baki buɗe gaban duk gari. Cikin wata guda ya haddace numfashinta. Ita kuma ta saki jiki da shi, har ta daina duba takardu kafin a kunna jar fitilar kyamara.

"Ƙarfe Bakwai, yau kin yi kyau har na kusa manta murzawa," ya turo mata saƙo a waya, da laƙabin da ya sa mata saboda lokacin labaranta.

"Ka manta ka gani, Mai Murza. Ka ci abinci?"

Da maganar aure ta taso, mamanta ta ce atafau. "Duk masu motocin da ke layi a ƙofar gidan nan, sai wanda ko inuwarsa ba a nunawa?" Baba dai ya yi bincike, ya ga yaron da hankali, ya amince.

Manajan gidan talabijin ɗin ne bai amince ba. Shekara shida ta yi tana karanta sanarwar cigiya kafin ta samu wannan kujera, amma ya ce mata, "Masu kallo ba sa son matar wani. Ki yi tunani." Ta ce za ta iya duka biyun. Tun daga ranar yarinya mai karanta hasashen yanayi ta fara daɗewa a ofishinsa.

Saura mako biyu biki, ana dab da rufe labarai, aka turo ƙarin layin rubutu daga ofishin manaja. Mai Murza ya gan shi kafin ya hau gilashi. Hannunsa ya tsaya cak. Daƙiƙa uku, kuma a talabijin shirun daƙiƙa uku shekara ne. Darakta ya daka masa tsawa a kunne: "Murza!"

Ya murza. Da murmushinta na kullum ta karanta, "Wannan shi ne karo na ƙarshe da zan karanto muku labarai." Sai da ta kai aya ta ji abin da bakinta ya faɗa.

A baranda ta tare shi, silifas a hannu.

"Ka gani kafin ni?"

"Na gani, masoyiya. Na ji tsoron ki kunyata."

"Da ka bar ni na kunyata! Da ban kori kaina da bakina ba."

Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa. Ran na goma ya turo, "Zan ajiye aikin. Ban san numfashin kowa ba sai naki."

Ta amsa, "Kada ka soma. Mu biyu ba aiki, me za mu ci? Ban yafe ba tukuna, amma ban fasa ba."

Aka ɗaura aure. Da yamma ana ta hayaniya a falo, wani mara tunani ya kunna talabijin, ƙarfe bakwai daidai. Ga mai hasashen yanayi a kujerarta, tana tuntuɓe. Amarya ta zuba ido, leɓenta na motsi yana bin labarin. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma ba ta ɓoye ba.

Ango ya miƙa hannu zai kashe, ta riƙe shi.

"Bar shi. Wanda ke madadinka sauri yake mata. In ka koma ka bi ta a hankali. Kuma ranar da nata layin ya zo, kada ka murza."

Baba ya dafa kansu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙuri da juna."

Ango ya ce amin da ƙarfi. Ita ma ta ce amin, hannunta cikin nasa, idonta a kan kujerar.