Kwaɗon da Ba Ya Son Ƙuli-ƙuli

A wata makarantar firamare a Bunguɗu akwai wata yarinya mai surutu kamar kanari. Ranar Talata Malama Nafisa ta koyar da su darasin karen ruwa da kwaɗon bishiya. Ita kuwa tana can baya tana zuba, ko kalma ɗaya ba ta kama ba.

Da yamma ta bi Innarta lambu a bakin gulbi. A kan ganyen mangwaro ta ga wani ɗan kwaɗo kore shar. Ta cafke shi, ta jefa a gwangwani don ta burge Malama. Har ta marmasa masa ƙuli-ƙuli mai gishiri, ta rufe.

Washegari ta buɗe gwangwanin a gaban aji. Kwaɗon yana kwance, fatarsa ta bushe, ba ya motsi.

"Subhanallahi! Mi kinka sa mishi?" in ji Malama.

"Ƙuli ne, Malama. Na ji Inna na cewa kwaɗo sai da ƙuli."

Aji ya fashe da dariya. Malama ba ta yi ba.

"Kwaɗon da Inna ke nufi na zogale ne, ɗiyata, wanda ake ci. Jiya mi nic ce? Karen ruwa dabba ce mai shayarwa, yana da gashi mai kauri, gulbi ne gidanai. Shi ko wanga ƙwai yake yi, fatarsa sirirya ce, da ita yake numfashi. Gishiri ƙona shi yake. Ga shi ana sare itatuwa, ana ɓata gulbi, dukkansu raguwa suke."

Yarinyar ta dubi kwaɗon. Hawaye suka zubo mata. Da na sani ƙeya ce.

"Malama, na kashe shi?"

"Kawo buta maza."

Suka wanke shi a hankali, suka ɗora shi a kan jiƙaƙƙen ganye a inuwa. Yarinyar ta ƙi fita tara, ta tsuguna tana kallonsa. Can sai maƙogwaronsa ya motsa. Ya miƙa ƙafa ɗaya, ya manne da ganyen.

Da aka tashi, ta kai shi lambu da kanta, ta tarar da Innarta a can. Ya yi tsalle ya shige cikin ganye.

"Inna," ta ce, "saura kaɗan surutuna ya kashe shi. Daga yau in Malama na magana, kunne zan kasa. Kuma abin da ban san rayuwarsa ba, zan bar shi inda Allah ya aje shi."