Mutum Goma Sha Ɗaya a Takarda

Da hantsi aka kira Sufeto Shauri Mbwana tashar jiragen ruwa ta Tanga. Wani ƙaramin jirgin dakon siminti ya dawo daga Pemba da gawa.

Mamacin Makame Faki ne, mai ba inji mai. Sandar da ke juya farfela ta kama rigarsa, ta haɗa da hannun. Ya bar mata da 'ya'ya uku.

Kyaftin Kibwana ya miƙo takardar ma'aikata tun ba a tambaye shi ba.

"Mutum goma sha ɗaya doka ta ce wa jirgin nan, Yallaɓai. Ga su cif. Hukuma ta ƙirga mu kafin mu tashi."

"Wa ke tare da shi a ƙasa, ɗakin inji?"

"Injiniya na biyu, Bakari Shee. Ganganci ne kawai. In ka rubuta haka, mun gama."

Sufeto ya san abin da kalmar za ta jawo. Idan ganganci ne, kamfani ya wanke hannu, iyalin Makame su tashi a tutar babu.

Bakari dattijo ne mai furfura. Yana zaune a kan tulin igiya, kansa a sunkuye.

"Ina gefensa. Na yi masa magana kan rigar, bai ji ba."

"Da ta kama shi fa?"

"Nan take na kashe inji."

Sufeto ya hau ɗakin tuƙi ya buɗe littafin tafiya. Inji bai tsaya ba ko na minti ɗaya tun daga Pemba.

Ya sauka kicin. Kuku, wani tsoho mai suna Mzee Hamadi, yana kankare tukunya.

"Baba, mutum nawa ka ciyar a tafiyar nan?"

"Goma sha ɗaya mana."

Sufeto ya ɗaga tukunyar, ya juya ta.

"A wannan? Mutane ne ko kaji?"

"Ɗana, ni shinkafa na sani, ban san doka ba."

"To, shinkafar mutum nawa?"

Tsohon ya goge hannu a zanensa.

"Bakwai. Makame ma ba ya hawowa ci. Ba mai karɓarsa. Kwana biyu ina miƙa masa kwano ta matakala."

A ofishin tasha Sufeto ya nemi takardun jiragen da suka fita a makon. Bai daɗe yana dubawa ba. Sunan Bakari Shee yana jirgi uku, biyu daga ciki rana ɗaya suka tashi, ɗaya gabas, ɗaya kudu.

Ya koma ya haɗa Kyaftin da Bakari a bakin jirgi, ya shimfiɗa takardun.

"Malam Bakari, kai aljani ne? Ka je Pemba, ka je Mtwara, duk a ranar Talata."

"Kuskuren akawu ne," in ji Kyaftin.

"Da kai nake?"

Bakari ya ɗago kai.

"Ban je ko'ina ba. Takardar shaidata ce ke tafiya. Mukan sa kayan aiki mu jeru a ƙirga mu. Da jirgi ya wuce bakin tasha, kwale-kwale ya zo ya kwashe mu huɗu. Yau ma shi ya maido mu kafin ku iso."

"Rufe mana baki!" Kyaftin ya daka masa tsawa.

"Na rufe shekara shida, Kibwana. Ya isa." Bakari ya juya ga Sufeto. "Ni na koya wa Makame aiki, shi ya sa yake ce mini Fundi, wato gwani. Da zan sauka ya ce, 'Fundi, ko sau ɗaya ka zauna, barci nake a tsaye.' Na ce masa gobe. Likita ya ce ya yi awa biyu yana zubar da jini. Da ina nan, maɓalli ɗaya zan danna inji ya tsaya."

"Kuma ka ce ganganci ya yi."

"Na faɗa, da bakina."

Kyaftin ya zauna a kan buhun siminti. "Kamfani ya ce in tashi da bakwai ko a ba wani jirgin. Ni na sa hannu."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya fito da ankwa. Bakari ya miƙa hannuwansa tun kafin a iso gare shi.

"Yallaɓai, matar Makame tana bakin ƙofa. A fita da ni ta baya."

Sufeto ya tattara takardun.

"Ƙofa ɗaya ce a tashar nan. Mu je."