Akushin da Aka Cire wa Faifai

Gab da magariba, 'yan kallo sun watse, Hajiya Saude tana share sawun takalmansu, sai tsakuwa ta faɗo gabanta. Ta ɗaga kai, ba kowa. Wata ta sake faɗowa.

Gidan na mijinta ne, marigayi Alhaji Halliru, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tara tasoshin tagulla, ƙorai masu zane da tsofaffin akusa. Da ya rasu, 'ya'yansa suka mai da gidan wurin kallon kayan gargajiya a Kazaure, aka tura Hajiya da autarta Sa'adiyya ɗakunan baya. Ta gaji da wannan zaman.

Jifan ya zama na kullum. Daga nan Sa'adiyya ta daina cin abinci, kullum tana ƙudundune cikin mayafi, tana kukan ana kallonta. Ranar da ta faɗi, Hajiya ta aika aka kira Malam Daudu mai ruƙiyya.

Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsohuwa. Babu tsawa, sai gajiya. Ta ce a wani baƙin akushi na gidan take zaune tun yana garin Roni. Alhaji ya sayo shi rufe da faifai, bai taɓa buɗewa ba. Su kuwa 'ya'yansa, don a ga sassaƙar ciki, suka cire faifan, suka sa akushin a gilashi, suka kunna masa fitila.

"Ko tuwo ba a barinsa a buɗe," in ji muryar. "Ni ce abin kallo?"

Malam ya ce zalunci ne kama yarinyar da ba ruwanta, za a mayar da faifan. Ta ƙi. Ta ce gidan da ake shiga ba sallama ya tashi daga gida, a mai da ita Roni.

Akushin nan shi Alhaji ya fi so, 'ya'yansa kuma za su yi faɗa. Hajiya ta dubi 'yarta. Ta tashi ta ɗauko shi, ta rufe da faifai, ta miƙa wa Malam. Sa'adiyya ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Washegari wani ɗan kallo ya leƙo har ƙofar ɗakin Hajiya, ba sallama, yana tambayar abin da ke cikin gilashin nan da ba komai.

Ta gyara mayafi ta ce, "Ita ta samu mai mai da ita gida."